Tsofaffin kwamfutocin asibiti daga Ingila: a san mai kaya kafin a tura kuɗi

Tambaya: Malam, ina sayar da kwamfutoci na hannu a Beirut Road, Kano. Ƙanena da ke zaune a Ingila ya ce wani ƙaramin asibitin likitocin iyali zai sauya kwamfutocinsa, kuma manajan ya yarda ya sayar mana da tsofaffin da araha. In tura kuɗi?

Amsa: Alhaji, riƙe kuɗinka tukuna. Arahar ba ta dame ni ba. Abin da nake tsoro shi ne wataƙila manajan nan zai sayar maka da abin da ba nasa ba, ko da zuciyarsa ɗaya.

Irin waɗannan asibitoci galibi na likitocin ne, kwangila suke yi wa NHS, hukumar lafiya ta gwamnati a can. Amma tun yarjejeniyar 2004 tsakanin likitocin da NHS, ɗawainiyar saye da gyara da sauya kwamfutocin aikin jinya ta koma kan hukuma. Daga Yulin 2022 hukumomin yanki da ake kira ICB ke riƙe da wannan aiki. Likita yana aiki da na'urar kullum, amma matsayinsa kamar na ɗan haya ne a shago: yana ciki, ba shi da ikon sayarwa. Abin da asibitin ya saya da aljihunsa, misali kwamfutar lissafin albashi, wannan nasa ne.

Don haka ka sa ƙanenka ya duba jikin kowace na'ura. Galibi za a ga 'yar takarda manne a gefe ko a ƙasa, ɗauke da lambar kadara da sunan mai ita. In sunan hukumar lafiya ne, to maganar manaja ba ta isa ba, sai da izini a rubuce daga hukumar. Wanda ba shi da kaya ba ya iya mallaka maka su, kuma ƙanenka ne za a nema, don shi ke can.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne abin da ke ciki. A 2013 an ci tarar hukumar NHS ta Surrey fam 200,000 bayan an samu bayanan marasa lafiya fiye da 3,000 a wata tsohuwar kwamfutarta da aka sayar ta intanet. Sirrin ciwon mutum amana ne, bai kamata ya ƙare a teburin shago ba. Kada ka karɓi ko ɗaya sai an cire ma'ajiyar bayananta, ko an ba ka takardar shaidar gogewa.

Ni da zan zaɓa maka, ƙanenka ya nemi kamfanonin da ke karɓar tsofaffin na'urori daga hukumomi, su goge, su gyara, su sayar da rasit. Za ka biya fiye da abin da manajan ya faɗa. Ka haɗa da kuɗin jirgi da kwastan da rajistar masu shigo da kayan lantarki na hannu a NESREA, hukumar kare muhalli ta Najeriya, sannan ka ga ko riba ta saura.