Ɗan sanda ya ce in buɗe but, na buɗe

Tambaya: Ina tuƙin tasi a Bronx da ke birnin New York, takarduna na zama suna gaban hukumar shige da fice, ba a ba ni amsa ba tukuna. Ɗan sanda ya tsayar da ni saboda fitilar baya, ya ce in buɗe but, ya karɓi wayata ya dudduba. Ban musa ba, gudun jawo wa kaina. Na yi daidai?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya kiyaye gaba. Mun taso a gida ana cewa ba a jayayya da mai kaki, in ya ce buɗe sai a buɗe. Wannan tarbiyyar ce ta sa ka miƙa abin da dokar Amurka ba ta tilasta maka ba. Lasin, rajistar mota da takardar inshora, waɗannan dole ka nuna. Bincike kuwa gyara na 4 na kundin tsarin mulkinsu ya yi masa iyaka, kuma ba a tambayar fasfo kafin kariyar ta hau kanka. Mota suna iya bincika ta ba takardar alƙali idan suna da ƙwaƙƙwaran dalili, shi ya sa sukan nemi yardarka, don yarda tana ɗauke musu wannan nauyi. Ka ce ba ka yarda ba, cikin ladabi, hannuwanka a kan sitiyari. In sun ci gaba, kada ka hana su da hannu, lauya zai ɗauko maganar a kotu.

Wayar ce ta fi damuna. Tun 2014 Kotun Ƙoli ta ce ko an kama mutum, sai da izinin alƙali ake shiga wayarsa. Ka tuna abin da ke ciki: hirar iyali, kuɗin da kake aikawa gida, maganar takardunka.

Batun yin shiru kuma, shari'ar Miranda ta 1966 ta wajabta a sanar da kai haƙƙinka ne idan kana tsare kuma za a yi maka tambayoyi, ba a duk tsayarwar bakin titi ba. A 2010 kotun ta ƙara da cewa sai ka furta da bakinka cewa ka zaɓi yin shiru. Ka faɗa, ka nemi lauya, sannan ka kame bakinka. Ƙarya kam kada ka kuskura, musamman cewa kai Ba'amurke ne, wannan kan rufe ƙofar takardu har abada.

Idan aka kai ga kotu, kada ka amsa laifi komai ƙanƙantarsa don a sallame ka da wuri, sai lauya ya gaya maka abin da zai yi wa zamanka. Wannan ma haƙƙinka ne tun hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Padilla a 2010. Yanzu dai ka rubuta ranar da wurin da aka tsayar da kai, ka kai wa lauyan da ke riƙe da takardunka a makon nan.