Amsa ga mai tambaya kan laktaid da robar PLA

Salam ɗan'uwa, na ga tambayarka cewa in dai daga laktik asid (asid ɗin nan da ke sa nono tsami) ake yin robar PLA, wato robar da ake yi daga sugan tsirrai, to meye amfanin a tsaya a yi laktaid a tsakiya, sannan wai da gaske ne in ka yar da ita a bola ruɓewa take yi. Na yi aiki da abin a lab lokacin karatu, to bari in faɗa maka yadda yake.

Rigimar gaba ɗaya ta ruwa ce. Ƙwayar laktik asid tana da ɓangare biyu masu aiki, ɓangaren asid da ɓangaren OH, in ka ba shi wuta sai asid ɗin wannan ya kama OH ɗin wancan su fara jera sarƙa, amma duk haɗi ɗaya sai ya saki ƙwayar ruwa ɗaya. Da farko ruwan yana fita ba wahala, amma da abin ya fara kauri sai ruwan ya maƙale a ciki ya koma yana tsinka abinda aka haɗa, ƙarshe ka tashi da gajerun sarƙoƙi, abu ne da ko kofi ba zai yi ba don taɓawa kaɗan ya karye.

Shiyasa ake zagayowa ta laktaid. A fara yin gajeriyar sarƙar da gangan, a cire ruwan, sai a zuba katalis (sinadarin da ke hanzarta aikin) na kuza a zuƙe iskar tukunyar a kai zafi wajen digiri 200, sarƙar sai ta riƙa lanƙwasowa tana yanke kanta bibbiyu, kowane biyu su rufe su zama zobe. Wannan zoben shi ne laktaid, C6H8O4, yana tashi a tururi a tara shi a tace. Daga nan sai a buɗe zoben, yawanci da tin oktowet (shi ma katalis ne na kuza) da ɗan alkohol kaɗan wanda shi ke fara sarƙar, zobe ya buɗe ya manne, na gaba ya buɗe ya manne, kuma babu ruwan da ke fita ko ɗigo saboda an riga an cire shi tun baya. Kaga sarƙa sai ta yi tsawon da ake so. Wallace Carothers na kamfanin DuPont ya gwada wannan tun 1932, amma sai a 2002 aka buɗe babbar masana'antar Blair a jihar Nebraska ta Amurka inda ake yi daga sugan masara, daga baya aka buɗe wata a Rayong ta Tailan da sugan rake.

In kai ma za ka yi a lab, wallahi ka ji tsoron danshi. Laktaid farin gari ne mai jan ruwan iska, ka bar kwalbar a buɗe ɗan lokaci wasu zobban sun buɗe sun koma asid, kuma duk ƙwayar ruwan da ta shiga sabuwar sarƙa take farawa, maimakon dogaye kaɗan sai ka samu gajeru da yawa. Mu sai mun sake narkar da shi a wani sinadari, etil asitet, ya sake daskarewa da tsabta, mu busar da shi sosai, kwalaben ma daga oben ake ɗauko su, a yi aikin ƙarƙashin iskar naitirojin. Mafi yawan waɗanda na ga aikinsu ya lalace ba katalis ba ne matsalarsu, danshi ne.

Wani abin da mutane ke tsallakewa, laktik asid iri biyu ne, L da D, kamar hannun dama da na hagu, don haka laktaid ya zama uku: L da L, D da D, sai meso mai ɗaya-ɗaya. L-laktaid yana narkewa wajen digiri 96, meso kuwa wajen 53. Robar da aka yi da L zalla sarƙoƙinta suna jeruwa tsaf, sai wajen 170 zuwa 180 take narkewa, in ka cakuɗa D da yawa jerin ya wargaje ta fi saurin shan ruwa da lalacewa. Da wannan ake wasa a ɓangaren asibiti, misali zaren ɗinkin tiyata na Vicryl kashi 90 gilaikolaid ne (wani zobe ɗan'uwan laktaid) kashi 10 laktaid, jiki ya shanye shi cikin wata biyu da ɗan wani abu ba sai an cire ba.

Maganar ruɓewa kuma, nan ne talla ta wuce gona da iri a ganina. Ƙwayoyin cuta ba sa iya cin doguwar sarƙar kai tsaye da sauri, sai ruwa ya fara tsinka ta ta koma gajeru da laktik asid, sannan su cinye su mayar da ita kabon dayoksaid da ruwa. Shi kuma ruwan baya ratsa ta sosai sai ta yi laushi, wajen digiri 55 zuwa 60 kenan, shiyasa abin da aka buga da PLA a firintar 3D yake lanƙwashewa in ka bar shi a mota cikin rana. Wuraren yin takin zamani na masana'antu suna riƙe zafi wajen 58 da danshi, ƙa'idar Turai ta EN 13432 ma cewa ta yi kashi 90 ya ruɓe cikin wata 6 a irin wannan yanayin. Amma a bola ko cikin ƙasa ko teku inda ba wannan zafin, shekaru za ta yi tana nan. Kuma kar ka haɗa ta da robar PET ta gorar ruwa wajen masu sake narkawa, zafin narkewarsu ba ɗaya ba ne, tana ɓata musu kaya.