Tambayi Likita: Iyafis a Kan Babur da Sauran Matsalolin Kunne

Likita, ina acaɓa a Katsina, tsakanin Ƙofar Ƙaura da Babbar Kasuwa, wani lokaci har Batagarawa. Ina so in sayi iyafis mai robar nan da ke toshe kunne gam, in riƙa jin waƙa ba hayaniya. Abokaina sun ce har kare kunne yake yi. Wane iri ya fi?

Ɗan'uwa, a cikin gari babu wanda ya fi. Kai ma ka sani, da yawanku ranar da aka sayo babur ake kwance madubansa a cusa ƙarƙashin gado. To da me za ka san abin da ke bayanka? Kunne kaɗai ya rage maka. Da shi kake jin odar tirela, da ƙarar birkin Keke Napep, da ihun fasinja idan gefen hijabinta ya kusa shiga taya. Ka toshe shi kuma ka zuba masa kiɗa?

Maganar abokanka akwai ƙamshin gaskiya a ciki, shi ya sa take da haɗari. Ƙarar babur da iska tana cin kunne. Wanda ya kama hanyar Daura ta Mashi yana gudun kilomita 100 a awa, ƙugin iskar da ke dukan kunnensa yakan wuce desibel 90 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum zai iya jure desibel 80 na awa 40 a mako. A desibel 90 awa 4 ne kacal, a 100 kuwa minti 20. Lissafa awa nawa kake yi a kan babur daga Asabar zuwa Juma'a.

Robar tana rage wannan ƙugi, amma kai ba shiru kake nema ba, waƙa kake so ka ji. Injin na ƙara, iska na ƙara, sai ka yi ta danna maɓallin waya har ƙarshe, wayoyi da yawa kuma suna kai desibel 100. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan gasu masu karɓar sauti. Kamar ciyawa suke: a taka sau ɗaya ta miƙe, a mayar da wurin turba ta mutu. Waɗanda suka mutu ba sa sake tsirowa, babu allura, babu jiƙo. Kuma abin ba ya zafi. Sai dai a wayi gari ana hira a majalisa kana ta "na'am? me ka ce?"

Masu tsadar nan da ke kashe ƙara da lantarki ma ba su fitar da kai ba. Sun fi iya ƙugi mai ɗorewa irin na janareta, iska kan rikita su.

Idan doguwar tafiya ce, hular kwano mai rufe fuska da haɓa za ka fara saya, sannan toshiyar kunne ta matuƙa babur, wadda ke rage ƙugin iska ta bar ka kana jin oda. Ba kiɗa a ciki. Kira ya shigo, gangara gefe ka amsa. Waƙa kuma ka bari sai kana jiran fasinja a inuwa, kada ƙarar ta wuce kashi 60 cikin 100. In har ka fara jin kunnenka ya dushe bayan aiki, je a auna jinka, kada ka jira.

Ni karatun Alƙur'ani da wa'azi nake saurara a kan babur, ba waƙa ba.

Allah ya ba da lada, Malam. Amma kunne ƙarfin sauti yake ji, kuma toshewar ɗaya ce. Saurara bayan ka sauka, ka ma fi natsuwa.

Mijina makanike ne a Daura. Kunnensa na fitar da mugunya wata biyu. An ɗiga masa ruwan albasa, an sa man ja, yanzu abokan aikinsa sun ce a gwada man birki. Ya halatta?

Man birki! Hajiya, don Allah kunnen mutum ne ko tayar mota? Wannan abu ya ishe ni. Kunnen da ya daɗe yana mugunya galibi dodon kunnen ya huje, duk abin da kuka ɗiga ciki yake wucewa. Ku daina sa komai, kada ruwa ya shiga wajen wanka, ya je asibiti cikin makon nan, a tura shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Idan ga zazzaɓi, ciwon kai mai tsanani, jiri, kumburi a bayan kunne ko karkacewar baki, a yau za ku tafi, domin ciwon kan iya haurawa ƙwaƙwalwa. Na sake faɗa, a yau.

Ina jin "ziii" a kunne da dare bayan na yini da iyafis.

Kunnen ne ke kuka. Ajiye iyafis, ka huta da ƙara. In ya wuce mako bai tafi ba, ko a kunne ɗaya ne, ga likita. Wanda kuma jinsa ya ɗauke farat ɗaya a gefe guda, asibiti nan take, don maganin a kwanakin farko ya fi aiki.

Ni da ƙanena iyafis ɗaya muke amfani da shi. Akwai matsala?

Akwai, kuna iya musayar ƙwayoyin cuta. Kowa ya sayi nasa, a riƙa goge robar.

Ƙurar hunturu na sa kunnena ƙaiƙayi, da mabuɗin babur nake sosawa.

Mabuɗi, tsinken ashana, gashin kaza, tsinken auduga, duk a bari. Tura dattin ciki suke yi, su kuje fatar, wani lokaci su huda dodon kunne. Goge bakin kunnen da tsumma mai tsabta ya isa. In ya toshe, zo a duba a wanke maka a asibiti.