Adireshinmu a zangon Kumasi: amsa ga ɗan ƙanena na Kano

Gaisuwa mai yawa, ɗana, tare da fatan kowa yana lafiya. Ka gaishe mini da mahaifiyarka da sauran mutanen gida.

Ka ce za ka aiko mini da littattafai da turare ta hannun masu jigilar kaya, ka nemi adireshi, na turo maka haruffa biyu da lambobi bakwai. Sai ka dawo da tambaya: "Baffa, wannan lambar gida ce ko ta mota? Wa ya ba ku ita, mai unguwa ko gwamnati? In an sayar da gidan fa, ko an raba gado?" Amsar ta fi ƙarfin saƙon waya, shi ya sa na zauna na rubuta ta, na kuma ajiye inda wasu 'yan'uwa na gida za su gani.

Gidan da nake zaune a Aboabo adireshi uku ke gare shi, kuma kowanne da ranarsa.

Na fari shi ne na baki, irin wanda ka sani a cikin birnin Kano. In ka sauka Kejetia, babbar tasha da kasuwar Kumasi, ka hau firagiya, wato a-daidaita-sahunku, ka ce Aboabo. Ka sauka wajen masallaci, ka wuce mai koko da ƙosai, ka tambayi gidan Alhaji wane mai goro. Alhajin nan ya yi shekara arba'in a kabari, amma har yau da sunansa ake kiran gidan, kuma yaron da bai taɓa ganinsa ba zai kama hannunka ya kai ka har zaure. Wannan tsohon abu ne. Kakanninmu fataken goro ne masu bin hanyar Gwanja, kuma bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 da yawansu suka watsu zuwa Kete Krachi da Akra da nan ƙasar Tonawa, wato Ashanti. A wancan zamani adireshin baƙo sunan mai masaukinsa ne. Shi ke ba shi ɗaki, shi ke ajiye masa kaya, shi ke tsaya masa in magana ta tashi. Da wasiƙa ta zo, sai akwatin gidan waya ya shigo: maigida ɗaya ya kama akwati a gidan wayar Adum da ke tsakiyar Kumasi, layi guda na amfani da shi, ana rubuta sunanka ta hannun wane. Har gobe ba na raina wannan tsari, don shi ya riƙe mu sama da shekara ɗari. Sai dai motar kashe gobara ba ta san Alhaji mai goro ba, banki ma bai san shi ba.

Na biyu shi ne na majalisa, kuma shi ne ainihin abin da ka tambaya. Abin da kuke kira ƙaramar hukuma, a nan Asambuli muke cewa. Suna da girma uku: ta babban birni, ta matsakaicin gari, da ta gunduma, jimillarsu 261 a faɗin Gana. Ba kamar naku ba, shugaban majalisa ba a zaɓensa a akwati. Shugaban ƙasa ke kawo sunansa, sai kashi biyu cikin uku na 'yan majalisar da suka kaɗa ƙuri'a sun amince. Wanda muke zaɓa da hannunmu shi ne asambuliman, kamar kansilanku, kuma doka ba ta yarda ya tsaya da tutar jam'iyya ba. Mu mutanen Aboabo da Asawase da Sawaba da can muna ƙarƙashin majalisar birnin Kumasi, KMA, amma a 2012 aka yanke mu aka yi mana majalisar Asokore Mampong. To, raɗa wa titi suna da ba gida lamba aikin wannan majalisa ne. Sarkin zango ba ya ba da lamba, liman ba ya ba da ita, ko da yake ana jin ta bakinsu.

Ga yadda aikin ke tafiya. A kowace majalisa akwai sashen tsara gari. Su ke ɗaukar hoton unguwa da aka yi daga sama, su zana kowane titi da kowane fili a kwamfuta, sannan su fito da ƙafa su duba ko abin da ke cikin hoto shi ne a ƙasa. A unguwannin masu kuɗi wannan aikin yini guda ne, tituna a miƙe, kowane gida da katangarsa. A zango kuwa sai an sha rana, domin lungu na iya bi ta tsakar gidan mutum ya ɓulla wani lungun, abin da hoto ya nuna rufi ɗaya ne sai ka tarar gida uku ne. In sun gama, sai a nemi sunaye daga sarakuna da asambuliman da dattawan unguwa, a tace don kada suna ɗaya ya maimaitu, majalisa ta amince, a kafa allo a bakin titi. Lambobin gidaje kuma 1, 3, 5 a hannu ɗaya, 2, 4, 6 a ɗaya hannun. Duk wannan yana shiga rajistar da ke ofishinsu, kuma abin da ke cikin rajistar shi ne adireshi a idon hukuma, ba fentin da mutum ya shafa a ƙofarsa ba. Kafin wannan tsari, tsofaffin takardun Kumasi lambar fuloti da ta bulok suke ɗauke da su, kuma har yanzu za ka gan su a rasiɗan da.

An daɗe ana maganar, ba a yi ba, sai a 2013 shugaba John Mahama ya ba shugabannin majalisu wata 18 su gama raɗa wa tituna suna. Alluna suka tashi a manyan hanyoyi, lunguna da yawa kuwa aikin bai kai gare su ba. A 2016 aka yi sabuwar dokar ƙananan hukumomi da dokar tsara amfani da ƙasa, wadda ta kafa hukumar LUSPA mai sa ido kan yadda majalisu ke wannan aiki.

Kada ka ɗauka don Allah kawai majalisa ke yi. Gidan da ba shi da lamba ba a iya kai masa takardar harajin gida, harajin nan kuwa yana cikin manyan hanyoyin samun kuɗin majalisa. Mutanenmu sun gane haka tun ranar farko, shi ya sa wasu in suka hango ma'aikata da takarda a hannu sai su ce maigida ya yi tafiya. Amma tsoron ya wuce na haraji, kuma ina so ka fahimci wannan sosai, don ku a gida ba ku ɗanɗana shi ba. A watan Nuwamban 1969 gwamnatin firaminista Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasa. Mutanen da aka haifa a nan, waɗanda ba su taɓa ganin Kano ko Sakkwato ba, suka sayar da gidaje a wulaƙance suka hau manyan motoci. Dattijon da ya ga wannan da idonsa, in ka zo kana rubuta sunansa da yawan mutanen gidansa, ba titi yake gani ba, motar nan yake tunawa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ban taɓa yi wa irin wannan dattijo dariya ba. Amma na sha zama da su ina cewa: Baba, abin da ya ci mutane a wancan karo rashin takarda ne. Gidan da ke cikin rajista da sunanka da rasiɗin harajin shekara ashirin hujja ce a hannun jikokinka.

Sai dai a nan ma akwai inda mutane ke ruɗewa. Adireshi ba takardar mallakar fili ba ce. Ƙasar Kumasi mafi yawanta ta kujerun sarautar Tonawa ce, kuma maganarta tana komawa fadar Manhyia wajen sarkin Tonawa, Otumfuo Osei Tutu II, sannan a yi rajista a Hukumar Filaye. Abin da mutum ke samu hayar shekaru ce, galibi 99 ga ɗan ƙasa in gidan zama ne, wanda ba ɗan ƙasa ba kuwa tsarin mulkin 1992 bai ba shi fiye da 50 ba. Na ga mutumin da ya ɗauka tun da an manna masa lamba a bango shi ke nan fili ya zama nasa. Lamba tana faɗin inda gida yake ne kawai, ba ta faɗin mai shi.

Na uku shi ne wanda na turo maka. A watan Oktoban 2017 shugaba Nana Akufo-Addo ya ƙaddamar da manhajar GhanaPostGPS, wadda ke hannun gidan waya. An yanka ƙasar duka gurbi-gurbi kamar na dara, kowane gurbi mita 5 tsawo mita 5 faɗi, kowanne da lambarsa. Ɗauki ta babban gidan wayar Kumasi, AK-039-5028: A jihar Ashanti, K Kumasi, 039 yankin, sauran huɗun kuma gurbin kansa. Ta Akra da GA take farawa. Ba sai ka je ofis ba, ka tsaya a inda kake ka danna waya ta ba ka. Da aka zo yin katin ɗan ƙasa, Ghana Card, sai da wannan lamba. Haka sabunta rajistar layin waya da aka fara a 2021. Banki ma yana tambaya. Daga baya aka bi gidaje ana manna ɗan allo mai ɗauke da lambar gida da sunan titi da wannan lamba a haɗe.

Wanda ya tsara abin bai yi tunanin gidanmu na haya mai ɗaki ashirin da biyu ba. Mai ɗakin ƙofa ya danna ya samu lamba, mai ɗakin ƙurya ya danna ya samu wata, mutanen gida ɗaya suka je wajen katin da lambobi biyar daban-daban. Ga shi rufin kwano ya haɗu da rufin kwano, waya kan jefa ka gidan maƙwabci. Daga ƙarshe muka zauna muka yanke cewa kowa ya riƙe wadda aka ɗauka a bakin ƙofar gida, aka rubuta ta da fenti a zaure don tsofaffin da ba su da babbar waya.

Yanzu maganar sayarwa da gado. Lambar GhanaPostGPS ba ta canzawa, don ƙasa ba ta tashi daga inda take. Rajistar majalisa kuwa ba ta gyara kanta, sai an je an faɗa. In ka yi sabon gini, ta hanyar takardar izinin gini yake shiga. In ka sayi gida, kai za ka ɗauki takardun ciniki ka kai a sauya suna. In an raba gida biyu, a je a nemi kowane ɓangare ya samu tasa lambar. A nan ne mu mutanen zango muka fi sakaci, kuma laifin namu ne. Malamai su zo su raba gado bisa shari'a, a yi addu'a, a ja bulo a tsakar gida, kowa ya buɗe ƙofarsa, amma ba wanda ya taka zuwa ofis. A gidan surukaina haka aka yi. Shekara tara takardar haraji na zuwa da sunan mamaci, kowane magaji na cewa ba tasa ba ce, bashi na taruwa. Ranar da ɗaya daga cikinsu ya tashi sayar da rabonsa don kuɗin makarantar 'ya'yansa, mai saye ya je bincike ya tarar a takarda gida ɗaya ne, na wanda ya rasu, da bashi a kansa. Ciniki ya watse, zumunci ma ya kusa bin sa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne sunaye. Ranar da aka kira taron ba da sunayen tituna a wajenmu, ba mu cika sahu biyu ba, alhali in ɗaurin aure ne sai an tare hanya. Bayan an kafa allo kuma sai ƙorafi ya tashi, wai wannan suna ba mu san shi ba. Muna da malaman da suka karantar da dubbai a zaurukan nan, da ungozomomin da rabin unguwa a hannunsu aka haife su, da masu masaukin da suka ciyar da baƙo ba su tambayi garinsu ba. Sunan da aka rubuta a allo shi zai shiga taswira, shi jikanmu zai rubuta a takardar makaranta. Ƙofar kuwa ba a rufe take ba: jama'a na iya rubuta takarda ta hannun asambuliman su nemi a raɗa wa lungu suna ko a gyara wanda aka rubuta ba daidai ba. Mu a layinmu mun fara tattara sa hannu bayan sallar Juma'a, sarkin zangonmu ma ya sa albarka.

Game da kayan, ka rubuta sunana, da lambar gida da sunan titi, da Aboabo, Kumasi, sannan lambar nan mai haruffa biyu da lambar wayata a ƙasa. A bayan kwalin kuma ka ƙara sunan Alhaji mai goro da babban rubutu, don in wayar mai babur ta mutu a hanya, da shi zai tambaya. Turaren ka naɗe shi da kyau a leda, damina ta sauka a nan.