Ku Tambayi Masu Ɗab'i: Bangon Kwali da Ƙashin Bayansa

Tambaya: Assalamu alaikum. Na tsara bangon littafina a manhajar zane ta CorelDRAW da awon da na yi amfani da shi a bugun farko mai bangon takarda. Yanzu ina son bugu mai bangon kwali, amma mai ɗaure littafin ya ce aikin ya yi masa kaɗan. Girman littafin A5 ne, shafi 320. Ina kuskuren yake? Daga wani malami, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Gaskiyar mai ɗaurin ne. Bangon takarda tare da littafi ake datse shi, milimita 3 na rara ya wadatar. Shi kuwa na kwali ba a datse shi, naɗe shi ake yi a kan kwalaye uku: na gaba, na baya, da siririn da ke ƙashin baya. Don haka sai takardar ta fi littafin girma nesa ba kusa ba.

Fara da ƙashin bayan, don shi ya fi ba da mutane. Shafi 320 falle 160 ke nan. Takarda mai giram 80 (nauyin murabba'in mita ɗaya nata ke nan) kaurinta wajen milimita 0.1 ne, falle 160 kuwa milimita 16. Ƙara kaurin kwali biyu, in mai 2.5 ne ka samu 5, sai milimita 1 na zare da gam da takardun da ke riƙe ciki da bango. Jimla 22. Amma fa lissafin kan tebur ne wannan. Takarda mai ruwan madara sau da yawa ta fi fara kauri ko da giram ɗinsu ɗaya. Abin da ya fi, ka sa a haɗa maka falle 160 na ainihin takardar da za a buga, a matse, a auna.

A5 milimita 148 ne a 210. Tsayin kwali ya zama 216, don ya ɗara littafin da 3 sama da ƙasa. Faɗinsa wajen 145. Tsakanin kowane kwali da ƙashin baya akwai kwarin da bango ke buɗewa a kansa, milimita 8. Sai 15 na naɗi a kowane gefe. Faɗi ke nan: 15, 145, 8, 22, 8, 145, 15, wato 358. Tsayi 246. Kafin ka zana komai ka kai wa mai ɗaurin waɗannan alkaluma, domin wani 20 yake so na naɗi, wani kwarinsa 10 ne.

Buɗe shafi ɗaya mai 358 a 246, ka ja layukan jagora a kowace iyaka. Launi ko hoton ƙasa ya kai har bakin shafin. Rubutu kuwa ya nisanci bakin kwali da aƙalla milimita 10, kada kuma harafi ko ɗaya ya faɗa cikin kwarin, don can zai lotsa. A ƙashin baya bar milimita 2 zuwa 3 kowane gefe. Wurin manna takarda a kwali akan samu gocewar milimita 1 ko 2, musamman in da hannu ake yi. Shi ya sa ba ma son a ba ƙashin baya launi dabam da na gaba: da ya ɗan goce sai ka ga siririn layi ya leƙo. In launi ɗaya ya zagaye bangon, ba mai lura.

Tambaya: Rubutun ƙashin baya daga sama yake gangarowa ko daga ƙasa yake hawa? Littafin nawa na ajami ne. Daga wata malama, Maraɗi.

Amsa: Malama, littattafan Ingilishi daga sama suke gangarowa, na Faransanci galibi daga ƙasa suke hawa, to ki duba waɗanda naki zai zauna kusa da su a kanta. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne, a ajami da Larabci, in aka shimfiɗa bango, fuskar gaba hagu take, ba dama ba kamar a boko. In aka manta, sunan littafi a baya zai fito.

Tambaya: A kwamfuta sunan littafina daidai yake, a maɗaba'a sai ƙ da ɗ suka koma akwatuna, baƙin ma ya fito toka-toka. Daga wani ɗalibi, Kano.

Amsa: Kwamfutarsu ba ta da nau'in harafinka, wanda ta musanya da shi kuma ba shi da ƙugiya. Mayar da rubutun ya zama zane kafin ka tura, a CorelDRAW Ctrl da Q, amma ajiye kwafin da ba a mayar ba saboda gyara. Baƙin faffaɗan fili kuwa tawada ɗaya ba ta cika shi. Yi aikin a CMYK, wato tsarin tawada huɗu na maɗaba'a, shuɗi (C), ja-ja (M), rawaya (Y) da baƙi (K), ka haɗa C60, M40, Y40, K100, lambobin kashi ne cikin ɗari. Ƙananan haruffa da lambar ISBN mai zane-zane, wato lambar shaidar littafi, su tsaya a K100 kaɗai, lambar a kan farin fili, in ba haka ba na'ura tana iya kasa karanta ta.