Tsingaro a cikin yumɓu

Jiya muna cuɗa yumɓun shafe sabon murhun narka alminiyom, ka tambaye ni dalilin da nake sa ka daka tsingaro ka zuba ciki, alhali yumɓu zalla ya fi daɗin aiki a hannu. Ka ce kuma ka gani a waya wai ana sa tangaran a injin jirgin sama. To zauna, yaro, tambayoyin nan biyu uwarsu ɗaya.

Yumɓu ba ya tsoron wuta. Alminiyom na narkewa a digiri 660, shi kuwa ko gezau. Ciwonsa tsagewa ce. In yana bushewa tsukewa yake yi, in wuta ta buge shi ciki ya ɗau zafi baya na sanyi, sai ka ji ƙas! Tsingaro ya riga ya sha wuta, ya gama tsukewarsa, kuma in tsaga ta taso ta ci karo da ƙwayarsa sai ta karkace ko ta tsaya. Shi ya sa nake hana ka niƙe shi luƙui. Bar shi tsaki-tsaki, ka ji yana sukar tafin hannunka. Ɓuntun shinkafa aikinsa daban: ƙonewa yake ya bar ƴan ramuka masu tare zafi, amma yana rage ƙarfi, don haka ta baya nake sa shi, ba fuskar da garwashi ke lasa ba.

Su masu jirgin, wani irin tangaran mai suna silikon kabaid suke amfani da shi, sinadarin koren dutsen nan na giranda da ake wasa kaifi da shi a nan Panteka. Suna jan shi zare, ya fi gashin kai siranta, su saƙa, su cike saƙar da irin sinadarin. Dabarar da ta fi burge ni, sukan shafe zaren da wani abu don kada ya manne sosai. In tsaga ta zo, zaren ya ɗan zame ya riƙe ɓangarorin biyu, kamar ciyawa a ginin ƙasa. Injin LEAP na kamfanonin GE na Amurka da Safran na Faransa, wanda ya fara aiki a 2016, yana da irin kayan nan. Suna jure kusan digiri 1,300, nauyinsu kuma kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfen da suka gada. Tsadarsu kam, sai dai mu ji labari.

Murhun nan kar ka kusance shi da zuga-zugi tukuna. Ya bushe a inuwa sarai, sannan ka fara da wutar ƙirare kaɗan-kaɗan, don in laima ta rage a ciki tururi zai tarwatsa mana shi.