Amsa Kan Kalatiyar da Ta Yi Yaushi a Hunturu

Yarona, ka tambaye ni game da kalatiyar nan, shukar ado mai faffaɗan ganye, da Hajiya ta saya a wurinmu cikin watan Agusta, ta dawo da ita yanzu a Disamba ganyayenta sun nannaɗe, bakinsu ya ƙone, kuma ka ce tun da aka kawo ta kake ba ta ruwa safe da yamma amma sai ƙara langaɓewa take yi. Ka ajiye butar ban ruwan nan tukuna, kada ka ƙara mata ko ɗigo sai ka ga abin da ke cikin tukunyar.

Shuka tana yin yaushi ne idan ruwan da ke fita ta ganyenta ya fi wanda saiwa take turowa sama. Wannan kuwa yana faruwa ta hanyoyi biyu da suka saɓa wa juna: ko dai ƙasar ta bushe babu abin da saiwa za ta sha, ko kuma ƙasar ta daɗe a jiƙe har saiwar ta mutu. Saiwa ma tana numfashi, kuma idan ruwa ya cika duk ƴan kafofin da iska ke zama a cikin ƙasa, sai ta shaƙe, ƙwayoyin ruɓa su kama ta. Daga sama ba za ka bambance su ba, domin ganyen shukar da ƙishirwa ta kama da na wadda ruwa ya yi wa yawa iri ɗaya suke faɗuwa, shi ya sa masu saye da yawa suke kashe shukarsu da hannunsu suna tsammanin taimakonta suke yi.

Ka tura yatsanka cikin ƙasar har gaɓa ta biyu, sannan ka ɗaga tukunyar ka ji nauyinta. Idan ka ji laima da nauyi, ka kifa ta a tafin hannunka a hankali ka zaro shukar da ƙasarta. Lafiyayyar saiwa fara ce ko mai ruwan madara, kuma tana da ƙwari. Ruɓaɓɓiya baƙa ce ko mai ruwan ƙasa, tana da laushi, ɓawonta yana saɓulewa idan ka ja, kuma za ka ji wari kafin ma ka gani.

Idan bushewa ce, aikin ba shi da wuya, sai dai ka lura cewa ƙasar da ta bushe ƙarau takan janye daga jikin tukunya, ruwan da ka zuba ya bi ta gefe ya fita ba tare da ya taɓa saiwa ba. Ka tsoma tukunyar a baho mai ruwa zuwa rabinta na kamar rabin awa, ka ciro ta ta tsane. Fitoniya, wata ƴar shukar ado, takan miƙe cikin ƴan awoyi, amma kalatiya ta fi jan rai.

Da irin ruwan da ka ce kana ba ta, na fi zaton ruɓa za ka tarar. To, ka wanke tsohuwar ƙasar daga saiwar, ka goge almakashi da sifirit, ka yanke duk abin da ya yi laushi har ka isa wurin da yake fari. Ka nemi tukunyar da ta fi ta da ƙanƙanta, mai huji a gindi, domin babbar tukunya tana riƙe ruwan da saiwar da ta rage ba za ta iya shanyewa ba. Ka haɗa ƙasar lambu da yashi mai gwari da buntun shinkafa da ɗan dakakken gawayi, yadda idan ka dunƙula a hannu ka saki za ta warwatse. Ka rage ganyayen da suka fi lalacewa, tunda saiwa kaɗan ba za ta ɗauki nauyin ganye da yawa ba. Taki kuwa, na zamani ko na gargajiya, kada ya kusance ta sai ka ga sabon ganye ya buɗe, saboda gishirin da ke cikinsa yana ƙone saiwar da ke da rauni.

Duk wannan gyaran tukunya ne, alhali abin da ya fara kayar da ita iskar garin nan ce. Asalin kalatiya dazuzzukan Kudancin Amurka ne, irin na ƙasar Burazil, inda take tsirowa a inuwar manyan itatuwa, kuma tana son danshin iska ya kai kashi 60 cikin 100 ko fiye. A watan Agusta da Hajiya ta saye ta, damina ta ba ta hakan kyauta. Da hunturu ya shigo, danshin iskar Kano da rana yakan sauka ƙasa da kashi 20, idan kuma an ajiye ta a falo mai na'urar sanyaya ɗaki, na'urar ma tana ƙara tsotse ɗan abin da ya rage. Ganyenta faffaɗa ne kuma siriri, ruwa yana tsere masa da sauri, shi ne ta nannaɗe shi don ta rage asara. Mai gida ya ga haka ya ƙara ruwa a tukunya, aka tara mata busasshiyar iska a sama da laka a ƙasa.

Fesa wa ganye ruwa, wanda kowa ke fara faɗa, ni ban ɗauke shi magani ba, domin a hunturu ba ya daɗewa yake bushewa. Abin da ke aiki shi ne ka kafa ƴan sanduna a bakin tukunyar, ka lulluɓe ta da farar leda mai nuna ciki yadda ba za ta taɓa ganye ba, ka ajiye ta inda haske yake sosai amma rana ba ta dukanta kai tsaye, don rana a kan leda dafa ta za ta yi. Kullum ka buɗe na ɗan lokaci iska ta sake. Bayan mako biyu ko uku ka fara ƙara tsawon buɗewar har ta saba, sannan ka sa ta a tsakiyar sauran shuke-shuke, inda kowace ke fitar da danshi ƴar'uwarta ta amfana. Gefen randa ma wuri ne mai kyau, saboda gumin da take yi. Ka nisanta ta da fanka da tagar da iskar arewa maso gabas ke shigowa, kuma kada ta kwana a waje, domin ba ta jure sanyin da ya sauka ƙasa da digiri 15, darenmu na Disamba da Janairu kuwa yakan sauka ƙasa da haka.

Ƙura ma ka sa mata ido. Ka riƙa goge ganyen sama da ƙasa da tsumma mai laima, ka duba bayansa da kyau. Idan ka ga ɗige-ɗige masu ruwan ɗorawa da wata siririyar yana, ƙananan ƙwari ne masu tsotsar ganye, waɗanda bushewa da ƙura suke yi wa daɗi. Ka wanke ganyen, ka fesa man darbejiya kaɗan da ɗigon sabulu a cikin ruwa da yamma, ka maimaita kowane mako har sau uku, domin ƙwayayensu suna ƙyanƙyashewa bayan feshin farko.

Sai ruwan da kansa. Idan ka ga farin ɓawo a saman ƙasa ko a bakin tukunya, gishirin ruwan burtsatse ne ya taru, kuma kalatiya tana cikin shukokin da ba sa jure shi. Ruwan sama ya fi mata, in akwai wanda aka tara. Na famfo ka bar shi ya kwana a buɗe, kuma kada ka zuba mata mai sanyi ƙarara da sassafe.

Ka gaya wa Hajiya cewa bakin ganyen da ya ƙone ba zai sake yin kore ba, amma muddin gindin shukar da ke cikin ƙasa yana da ƙwari, sabbin ganyaye za su fito ko da tsofaffin duk sun zube. Idan kuma falonta ba ya rabuwa da na'urar sanyi, ka ba ta shawarar sansiberiya, shukar adon nan mai dogayen ganyaye masu kauri, ko alobera, ita kuwa kalatiyar a nema mata wani ɗaki mai taga. Kada ka mayar mata da ita sai sabon ganye ya buɗe, ta kuma yi mako biyu ba leda ba tare da ta nannaɗe ba, sannan ka nuna wa mai kula da furannin gidan yadda zai gwada ƙasar da yatsa kafin kowane ban ruwa.